Ranar da Na Tari Numfashin Sanusi

Tun da na dawo daga Kebbe kun hana ni sakat. Duk wanda ya gan ni a bakin shagon Iro tela sai ya ce, "Sarkin wasa, yaya Kebbe? Mi anka koya muku?" Ni kuwa in ce lafiya lau, in kawo zancen taki da tsadar gero. To, na gaji da zille-zille. Ga labarin nan tun daga tushe, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma wanda ya zo neman abin dariya gara ya ƙara gaba, don tafiyar nan ba ta bar ni da farin ciki ba.

Ga wanda bai san ni ba, Hausa nake koyarwa a wata sakandare a nan Tambuwal, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar tana hannuna. Yadda muke yi ba ɓoyayye ba ne. Ni ke rubuta wasa, in raba wa yara, su haddace shi tsaf. Ranar wasa sai in laɓe a bayan labule da takarda a hannu, yaro na yin shiru in jefa masa kalmar da ta ɓace masa. Mai tuni ke nan. Na sha bugun ƙirji a majalisar nan cewa a wasana ba a taɓa yin shirun da ya kai ƙiftawar ido uku ba, kuma wasunku shaida ne.

Ana saura mako biyu a yi hutun damina, shugaban makaranta ya miƙo mini takarda. Wai wata ƙungiya za ta yi bita ta kwana huɗu a Kebbe, a koya wa ɗalibai wasan jiki da wasan nan-take, wato wasan da ba a rubuta shi, kuma ba lallai sai an yi magana a cikinsa ba. Kowace makaranta malami ɗaya da ɗalibai biyu. Na liƙa takardar a allon sanarwa. Ɗalibi na farko ban ko yi shawara ba, Murtala ne, yaron da in ya buɗe baki sai kai mai sauraro ka ji ƙishirwa. Na biyun nake ta juyawa a raina.

Washegari na tarar an zuro wata 'yar takarda ta ƙarƙashin ƙofar ofis. "Malam, na ga an ce ba sai an yi magana ba. Don Allah ka tafi da ni. Sanusi, aji biyar."

Sanusi ɗan Jabo ne, dogo, shekararsa goma sha bakwai, kuma yana da in'ina mai tsanani. In kalma ta maƙale masa sai haɓarsa ta kama rawa, ya runtse ido, wani lokaci har ya buga ƙafa a ƙasa. Shekara biyar yana shiga ajina, ban tuna ranar da na bar shi ya kai ƙarshen amsa ba. Yana farawa nake ƙarasa masa, in ce ya zauna. A ganina tausayi ne. Takardar nan ta taɓa mini zuciya ƙwarai, na hau kabu-kabu na nufi Jabo don in nemi izinin mahaifinsa.

Na iske Malam Umaru a gona yana maimai. Ya jingine hauya, ya saurare ni har na gama, sannan ya share gumi ya ce, "Malam, ɗan nan nau bai da laifi sai bakinai. Tun shina ƙarami yara ka yi mai dariya. In ka san inda za ka kai shi dariya za a yi mai, bar min shi nan, ga aiki na jiranmu."

Na dafa ƙirji na ce, "Baba, amana ce na ɗauka. Muddin ina wurin, ba mai yi wa Sanusi dariya."

Ya dube ni jim kaɗan, ya ce, "To, Allah shi kai ku lafiya." Ya koma kan hauyarsa.

Ran Litinin muka kama hanya bayan sallar asuba. Motar ta mutum goma sha huɗu ce, amma kwandasta ya ce ai damina ce, kowa ya rame, ya cusa mu goma sha tara ban da buhunan taki. An kwana ana ruwa. Mun yi nisa sai muka iske wani wuri da ruwa ya cinye hanya, direba ya ratse ta gefen wata gona, nan mota ta nutse har gindi. Aka ce maza su sauka a tura. Ni da farin kaftanina na ce yara su tura, na koma daidai bayan taya ina ba da umarni. Kun san sauran. Da direba ya taka wuta, tun daga hula har takalmi ba inda laka ta bari. Wani tsohon Bafillace da muke tare ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, da turawa ka yi, da hannu kaɗai za ka wanke." Mota duka aka kwashe da dariya, har Sanusi, ko da yake shi ya rufe baki da hannu.

Kafin a shiga ƙasar Kebbe akwai shinge, jami'an tsaro da 'yan sa-kai. Yadda zamani ya zama, ba mai ganin laifinsu. Wani jami'i ya leƙo yana tambayar kowa sunansa da garinsu. Murtala ya ba shi suna, ya ƙara da na unguwa da na kakansa, sai da aka ce ya isa. Da aka zo kan Sanusi, jami'in ya ce, "Kai fa, dogo?" Haɓar Sanusi ta fara rawa. Ban jira ba na ɗaga murya daga kujerar gaba, "Ɗalibina ne, Sanusi, ɗan Jabo. In'ina gare shi." Jami'in ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaga mana itace. Ni har ina jin daɗi na fitar da yaro daga matsala. Shi kuwa bai ƙara ɗaga kai ba har muka isa.

A wata firamare aka sauke mu. Aji ɗaya na maza, ɗaya na mata, kowa da tabarmarsa, malami da ɗalibi duk ƙasa ɗaya. Wannan ne ya fara ɓata mini rai, don a nan gida ko gasar kacici-kacici muka je, ana ware wa malamai ɗakinsu. Na yi sa'a na samu abokin gunaguni, Malam Garba daga Sanyinna, malamin Turanci, wanda ya zo da fulas ɗin shayinsa da gidan sauro, kamar ya san abin da ke jiranmu. Sauron Kebbe kuwa, wallahi ba ya jiran a kashe fitila.

Abinci dai ba laifi. Wata dattijuwa da ake kira Gwaggo Hauwa ce ke dafawa. Da safe hoce da ƙuli, da rana fura, da marece tuwon dawa miyar kuɓewa da busasshen kifi. Tuwonsu ya fi namu tauri nesa ba kusa ba, na ce mata ko ginin katanga za a yi da shi. Ta ce, "Ku mutanen Tambuwal kun zama 'yan birni, haƙoranku sun mutu. Ci ka ƙoshi, wanga na manoma na." Ranar farko da ta tambayi Sanusi malmala nawa za a sa masa, ni na amsa na ce ɗaya ta ishe shi. Daga baya na ga biyu yake ci.

Mai koyarwar mace ce, Malama Ladi, daga wajajen Zariya. 'Yar gajeruwa, ba ta kai kafaɗata ba, tana rataye da wata 'yar ganga. Ina shiga ajin na tarar an kwashe bencina duka an jibge a waje. Ba allo, ba alli, ba takarda ko ɗaya. Ta ce kowa ya cire takalmi, har malamai, a yi da'ira. Mu wajen talatin ne. Ta ce kowa zai faɗi sunansa da bakinsa, ya haɗa da wani motsi na jiki, sauran su maimaita. Murtala ya yi tsalle ya ƙame kamar soja, aka yi ta dariya. Aka zagayo har kan Sanusi.

Ya buɗe baki, kalmar ta tsaya. Haɓa ta kama rawa. Na ce, "Sanusi ne sunansa, Malama, yana da..."

Ta ɗaga mini hannu. "Malam, ba kai na tambaya ba."

A gaban ɗalibaina! Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ta juya ga Sanusi, ta harɗe hannu a baya, ta tsaya. Ba ta ce yi sauri ba, ba ta ce kwantar da hankalinka ba, tsayuwa kawai ta yi kamar ba ta da wani aiki a duniya. Aji ya yi tsit. Ni gumi kawai nake yi. Can sai ga shi ya fito, "S-s-sa... Sanusi," ya miƙa dogayen hannayensa sama kamar mai kakkaɓo mangwaro. Mutum talatin suka ce Sanusi, suka miƙa hannu sama. Ba wanda ya yi dariya.

Da ina da rabo, da nan na ɗauki darasi. Amma zuciya ta riga ta hau. Ana gama wannan ta ce kowa ya zagaya ɗaki da tafiyar akuya. Na dubi furfurata, na dubi Murtala yana ta mee-mee a ƙasa, na ce haba, ni da girmana in yi rarrafe a gaban yaran da zan tsaya wa a aji bayan hutu? Na ɗauki takalmina na fita. Malam Garba ya biyo ni. Muka samu gindin wata darbejiya muka kafa majalisa, muna shan shayi muna cewa wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, wasan yara ne.

A nan na cinye kwana biyu. Sai dai in ɗan leƙa ta taga in na je alwala. Na ga tana sa su tafiya kamar masu ratsa ruwa iya gwiwa, na ga tana haɗa su bibbiyu, ɗaya ya motsa ɗaya ya bi shi kamar madubi. Dokarta a wasan nan-take ita ce, duk abin da abokinka ya kawo ka karɓa ka ɗora a kai. In ya ce ga jaki, ba ka cewa ina yake, sai ka kama igiya.

Ran Talata da hantsi na leƙa na iske Sanusi shi kaɗai a tsakiya, yana jan ruwa a rijiya. Ba rijiya, ba guga, ba igiya. Amma ka ga bayansa ya ɗauki nauyi, ka ga igiyar tana zame masa yana taro ta. Da ya fito da gugan ya juye, wata yarinya da ke zaune a gaba ta janye ƙafafunta kada ta jiƙe. Aka tafa masa har da ihu. Rantsuwa ba ta kama ni ba, ban taɓa ganin irin wannan a dandamalina ba. Raina ya yi fari, amma da na koma gindin darbejiya cewa na yi da Malam Garba, "Ba laifi, yaron ya ɗan taɓuka."

Tun daga ranar Sanusi ya zama wani mutum daban. In an ce a rabu ƙungiya-ƙungiya, har rigima ake yi a kansa. Yaran wata makaranta suka sa masa suna Mai Guga. Yana dariya bai rufe baki. Na lura in yana magana da su jiransa suke yi, irin jiran Malama Ladi, har Murtala ma ya koyi haɗiye tasa.

Da marecen Talatar nan Malama Ladi ta iske ni a majalisarmu. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce in ta ɓata mini rai jiya in yi haƙuri. Sannan ta ce, "Malam, gobe da safe darasin shiru za mu yi. Duk cikin malamai kai na fi so ka zo."

Na ce, "Malama, shiru ai ba ya buƙatar darasi. Ko jariri in ya ƙoshi ya iya."

Malam Garba ya ƙyalƙyale da dariya. Ita murmushi kawai ta yi ta tafi. Washegari da safe, lokacin da ake darasin, ni da Malam Garba muna can cikin gari muna cinikin busasshen kifi na tsaraba. Na samu mai kyau kuwa, da araha. Kifin nan har yau yana nan a rataye, na kasa cewa a sa mini shi a miya.

Ran Laraba kafin magariba ina alwala, Sanusi ya zo ya durƙusa kusa da ni. Ya ce, "Ma-malam, go-go-gobe..."

Na ce, "Gobe wasan ƙarshe, na sani. Kada ka ji tsoro, ina nan kusa da kai."

Ya tsaya yana kallona, bakinsa a buɗe. Sai ya rufe, ya gyaɗa kai, ya tashi.

Ran Alhamis bayan la'asar aka yi wasan a filin makarantar. Mutanen gari sun fito sosai, dattawa a kan bencina, mata a gefe guda, yara kuwa ko'ina har kan katanga. Ba dandamali, ba labule. Da toka aka zana da'ira a ƙasa, cikinta shi ne fage. Malama Ladi ta bayyana wa jama'a cewa su za su ba da magana, yara su shiga su mai da ita wasa nan take, ita kuma in ta buga ganga an gama. An ba malamai benci, amma ni ƙafata ta ƙi. Na lallaɓa na tsaya a kusurwar wani aji, dab da da'irar, inda ya fi kama da bayan labule. Shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce.

An yi na ɓarawon akuya, an yi na mai kabu-kabu da mai ya ƙare masa a daji, mutane suna ta dariya. Sannan aka kira Sanusi da Murtala. Malama ta ce wa zai ba da magana. Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Ku yi muna na rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba." Wuri ya ɗan yi sanyi, don a watan nan kowa ya san wannan a gidansa ko a gidan maƙwabci.

Sanusi ya shiga da tafiyar magidanci da ya wuni a gona. Ya sauke hauyar da babu ita daga kafaɗa, ya jingine. Ya je ga rumbu, ya taka ya hau, ya ɗaga murfi, ya zura hannu. Ya ƙara zurawa har kafaɗa. Ya shiga da rabin jikinsa yana lalube. Da ya fito sai ya buɗe tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya tsaya yana ƙirga 'yan ƙwayoyin da suka rage da yatsa. Wani dattijo a kan benci ya ce, "Allah sarki." Murtala ya shigo a matsayin ɗansa, riƙe da ƙwarya, ya ja masa riga ya ce, "Baba, Inna ta ce a ba da na tuwo."

Sanusi ya dubi ƙwaryar. Ya dubi yaron. Ya ɓoye hannunsa a baya. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, haɓarsa tana rawa.

Yanzu na san abin da kowa a filin nan ya gani: uba ne da ya rasa abin da zai faɗa wa ɗansa. Daga baya Gwaggo Hauwa ta ce mini mata har sun fara share ido da gefen mayafi. Amma ni daga kusurwata haɓar nan kawai na gani. Na ce shi ke nan, in'ina ta kama shi a gaban gari guda. Na tuna Malam Umaru da hauyarsa, na tuna amana. Ƙiftawar ido uku ta wuce, ta goma ta wuce. Na yi raɗa, "Ka ce Allah zai kawo." Bai ji ba. Sai na ɗaga muryar nan tawa ta bayan labule, wadda ke kaiwa ƙarshen ɗakin taro.

"Sanusi! Ka ce Allah zai kawo!"

Filin duka ya ji. Kawuna suka juyo. Sanusi ya waiwayo ya gan ni.

Da Malama Ladi ce ta rene shi, wataƙila da ya share ni ya ci gaba. Amma yaron Jabo ne, tarbiyyar gida gare shi, kuma malaminsa na shekara biyar ya ba shi umarni a gaban jama'a. Ina zai iya ƙi? Na ga magidancin nan ya fice daga jikinsa, saura ɗan aji biyar tsaye a rana. Ya runtse ido. "A-a-a... A-a-al..." Ya buga ƙafa a ƙasa. "A-a-a..."

Wani yaro a kan katanga ya fara. "A-a-a!" Sauran suka ɗauka. Kafin ka ce kwabo dariya ta cika fili, yara suna buga ƙafa a ƙasa suna kwaikwayonsa, wasu samari suna riƙe ciki. Dattawa na tsawa, ina, ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Murtala, mai bakin nan da ba ya mutuwa, ya tsaya da ƙwaryarsa ta iska ya rasa ta cewa. Malama Ladi ta buga ganga.

Sanusi ya rusuna wa jama'a kamar yadda aka koya musu, ya fita daga da'irar, ya zagaya bayan azuzuwa. Bai yi gudu ba. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Innalillahi, ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Bayan an watse na je wurin Malama Ladi, na shirya ta wanke ni tas. Tana naɗe igiyar gangarta, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Jiya da safe abin da muka yi ke nan, Malam. Na ce musu wanda ke cikin fage shi ke da lokaci, na waje ba ya ceton kowa. Da aka gama darasin, Sanusi ya tambaye ni ko mutum zai iya kai wasa ƙarshe ba tare da ya furta ko kalma ɗaya ba. Na ce masa sosai ma. Ka ga murnar da ya yi?" Na ce ban gani ba. Ta ce, "Haka ne, ba ka nan."

Murtala ne ya ƙarasa ni. Washegari da asuba muna naɗe tabarmi ya ce, "Malam, shekaranjiya da jiya yana ta neman ya gaya maka. Cewa ya yi in ka ga ya yi shiru a fage kada ka damu, da gangan ne. Na ce in faɗa maka, ya ce a'a, shi zai faɗa da bakinsa." Na tuna alwalar nan ta ran Laraba, na tuna "go-go-gobe". Na zauna a kan tabarma.

Na tambayi Murtala yadda Sanusi ya yi niyyar ƙarasa wasan. Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Malam, ai nan-take ne. Ni ma jira nake in gani." Har yau ba wanda ya sani, kuma ba ni da fuskar da zan tambaya.

Ran Juma'a da sassafe muka juyo. Hanya ta bushe, ba mu maƙale ba, a shinge ma ɗaga mana hannu kawai aka yi. Na bar kujerar gaba na zauna kusa da Sanusi. Sau uku ina shirya maganar ban haƙuri. Da na samu na ce, "Sanusi, jiya na yi kuskure, ka yafe mini," sai ya gyaɗa kai da sauri, irin gyaɗawar da yake yi mini a aji in na ƙarasa masa amsa, ya mai da fuska taga. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun sauke Murtala a Tambuwal. Sanusi ya nuna zai iya tafiya gida shi kaɗai, na ce a'a, daga hannun mahaifinka na karɓe ka. Muka hau kabu-kabu ɗaya zuwa Jabo.

Malam Umaru yana zaure yana gyaran ƙotar hauya. Aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo ruwa, muka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Kebbe. Sannan ya juya ga ɗansa ya ce, "To, Sanusi, yaya? An yi ma dariya?"

Haɓar Sanusi ta fara rawa. Ku ji halin ɗan Adam, bayan duk abin da ya faru, bakina ya sake buɗewa da kansa. "Ai Baba, abin da ya faru shi ne..."

Tsohon ya ɗaga hannu. "Dakata, Malam. Nan gidan ba mu tarin numfashinai. Jira mukai."

Muka jira. Wata kaza ta shigo zaure da 'ya'yanta ta fita. Malam Umaru ya aje ƙotar a cinya, ya zuba wa ɗansa ido, irin tsayuwar Malama Ladi sak, shi da bai taɓa zuwa wata bita ba. Sanusi ya runtse ido, ya buɗe, bai dube ni ba.

"Kwa-kwa... kwana uku ba a yi ba, Baba."

Malam Umaru ya san kwana huɗu muka yi. Ya dube ni sau ɗaya, bai tambayi komai ba. Ya leƙa cikin gida ya yi magana, sai ga ƙwarya an fito da ita cike da ƙwan zabi. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Ga wanga, Malam, a kai ma yara. Mun gode da ɗawainiya."

Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce ba a mai da hannun kyauta baya. Haka na hau kabu-kabu rungume da ƙwarya, mai babur yana ta tambayata ko wani abu ne ya faɗa mini a ido.

An koma makaranta makon jiya. Na liƙa sanarwar masu son shiga ƙungiyar wasa, na rubuta a ƙasa da babban baƙi cewa bana akwai wasan da ba sai an yi magana ba. Kullum da safe kafin in buɗe ofis sai na duba ƙarƙashin ƙofa. Yau kwana tara ke nan.